Daminar da Baba Soja Ya Hau Kujerata

Bitrus, a wajen bikin ƙanwarka na ji ka da kunnena kana ba abokanka labari, wai kakanku ya taɓa yin aikin ƙulla fiya wata saboda fansho ta ƙi fitowa. Suna ta dariya, kai ma kana taya su. Ban tanka ba don ranar farin ciki ce, amma abin ya tsaya mini a rai. Kai da kake yawo ba wando a lokacin, me ka sani? Fansho kam ta sha ƙin fitowa, ba ƙarya ka yi ba, sai dai ba ita ta kai shi gidan ruwa ba. Ni na kai shi, ni da wannan amaryar da kuka ci shinkafar bikinta, tana cikina. To ku zauna ku ji yadda aka yi.

A shekarun nan da aka dawo mulkin farar hula ne gidajen fiya wata, wato ruwan leda, suka fara buɗewa a Zuru. Mahaifinku yana Legas yana aikin gadi, sai jefi-jefi muke ganinsa. Ni kuwa ina Rikoto a gidansu, tare da mahaifinsa, wanda duk unguwa ke kira Baba Soja, da mahaifiyarsa, Mama, wadda idanunta sun riga sun fara hazo. Na samu aiki a gidan ruwan wani Alhaji a bakin hanya. Inji yana cika leda yana yankewa yana tofo ta, mu mata muna zaune a kan 'yan kujeru mun kewaye shi, muna kwashewa muna jerawa a babbar leda muna ƙullewa. Ƙasa kullum a jiƙe take, hannu kullum a sanyi. Amma wallahi ina son aikin nan. Akwai hira, akwai tsokana, Musulmi da Kirista kafaɗa da kafaɗa, kuma da shi nake saka muku tukunya, da shi daga baya ka yi makaranta, kai mai dariya.

Babu wadda ke da takardar ɗaukar aiki a cikinmu, 'yan kullum ne mu duka. Dokar gidan ɗaya ce, ba a rubuce take ba amma kowa ya haddace ta: kujerar da ta wuni babu kowa a kai ta zama ta wata. Kowace safiya za ka tarar da mata a bakin ƙofa suna leƙen kujerar da ba a hau ba, kuma ba laifinsu ba ne, su ma 'ya'ya suka bari a gida. Alhaji ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Da Sallah yana ba mu atamfa, da Kirsimeti yana ba mu shinkafa. Sai dai ya kan ce inji ba ya jiran kowa. Saboda haka duk wadda ta tafi haihuwa, in ta dawo sai ta tarar da wata a mazauninta. Na ga wadda ta dawo aiki ko wankan jego ba ta yi nisa da shi ba, tana aiki tana cije leɓe.

Nawa cikin ya zo da gardama. Haihuwar a tsakiyar damina za ta faɗo, lokacin da ruwan leda ba ya tafiya a kasuwa, Alhaji kuma yana neman dalilin rage mutane. Ƙafafuna suka kumbura har takalmin roba ya daina shiga. A asibiti malamar jinya ta auna ni, ta sake aunawa, ta kalle ni ta saman tabarau ta ce jinina ya hau, in ban kwanta na huta ba, ko ni ko abin da ke cikina ɗaya zai tafi, ko mu tafi tare. Na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Tsoro ya kama ni ta ko'ina: in na kwanta kujera ta tafi, in na zauna a kujera ni ce zan tafi.

Baba Soja mutumin rediyo ne. Tun safe tana rataye a wuyansa, yana gardama da ita kamar da maƙwabci. A lokacin ana ta maganar gyaran dokar ƙwadago, kusan kullum sai an kawo wani ya yi bayani. Rannan da yamma ina tankaɗe sai ya ƙwala mini kira.

“Ɗiyata, aje wannan ki zo ki ji. Maganarki ake yi.”

Na zo na durƙusa. Mai bayanin yana cewa mace mai ciki tana da hutun haihuwa, ba a korar ta don ta tafi haihuwa, kuma ana so gyaran da za a yi ya kai har ga masu aikin kullum da ba su da takarda.

“Baba, ba tawa ba ce wannan,” na ce. “Ta matan ofis ce.”

“Cikin matan ofis daban ne da naki? Su ƙwai suke haifa?”

Na yi dariya, sai dariyar ta koma kuka, na kasa tsayar da shi. A nan na gaya musu abin da aka ce a asibiti. Mama ta dafe ƙirji tana kiran sunan Yesu. Baba ya kashe rediyo, abin da ban taɓa ganin ya yi da rana ba, ya ce gobe in je in gaya wa Alhaji abin da na ji, in dawo masa da amsa.

Na je. Alhaji ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

“Rifkatu, ni ma na ji shirin nan,” ya ce. “Cewa suka yi za a gyara. In sun gyara, ki zo mu yi magana. Amma kin san tsarinmu. In kina da wanda zai riƙe miki kujerar, ki turo shi, in ba ki da shi ba yadda zan yi.”

Wannan ba sabon abu ba ne, mata kan turo ƙanwa ko 'yar maƙwabta ta riƙe musu na wuni ɗaya in yaro ba lafiya. Amma wa zai riƙe na watanni? 'Yan'uwana mata duk suna aure a Bena. Mama ba ta ganin bakin leda. Na dawo gida ina jan ƙafa na faɗa musu. Baba ya sosa gemu ya ce,

“To ai an gama. Golmo zan yi.”

Ku 'yan yanzu ba ku san golmo ba sai a baki. A wajenmu da, saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa ubanta noma shekara da shekaru, shi da sa'o'insa, gona bayan gona. Shi ne golmo. Baba ya ce a shekarun da yake yi wa uban Mama, akwai daminar da kurkunu ta kwantar da shi, ko tsayuwa ba ya iya yi. Sa'o'insa suka riƙa nome masa rabonsa har ya tashi, kuma babu wanda ya ce a ɗauki budurwarsa a ba wani don ya kwanta.

“Da sun bari an ba wani ai da na huta,” in ji Mama.

“Ke yi mana shiru, tsohuwa. Wa zai karɓe ki?”

Na ce, “Baba, rufa mini asiri. Aikin mata ne. Me mutane za su ce?”

“Na wanke kwanon ofisa, na ɗinke wandona da kaina a bakin daga. Leda ce za ta gagare ni?”

Washegari ya fito cikin tsohon kakinsa, an goge shi da dutsen guga har yana tsayuwa da kansa. Na raka shi don in nuna masa wurin. Matan bakin ƙofa suka dare suka ba shi hanya, sun zaci kama wani ya zo yi. Alhaji ya taso da sauri yana gyara hula.

“Baba, lafiya? Mi ya faru?”

“Lafiya lau. Aiki na zo. Ina kujerar ɗiyata?”

“Haba Baba! Kai fa ubana ne.”

“To uban naka ya zo aiki. Ka ce a turo mai riƙewa, ga ni.”

Alhaji ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Ina jin a ransa ya ce kafin azahar tsohon zai gaji ya tafi, don haka ya ce a ba shi kayan aiki. Jama'a! Ku ga kakanku da farar riga a kan kaki, da takalmin roba, da hular raga irin ta masu girki a kan furfura, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa a kan 'yar kujerata. Mata suka yi ta ƙoƙarin haɗiye dariya har Kulu ta fashe, sai kowa ya bi. Kulu ita ce babbarmu a wurin, Bahausa ce 'yar cikin gari, bakinta ba ya shiru. Ledar farko da Baba ya damƙa ya matse ta da ƙarfin soja, ta fashe masa a fuska.

“Baba, a hankali,” Kulu ta ce tana share hawaye. “Ba wuyan abokin gaba ba ne.”

“Koya mini, uwar ɗakina. Yau ni kurtu ne.”

Na tafi gida na kwanta, karo na farko cikin watanni da na ɗora ƙafafuna a kan matashi da rana tsaka. Sauran labarin wurin aiki daga bakin Kulu na riƙa jin sa, don kullum bayan la'asar sai ta biyo ta duba ni, tun daga ƙofa take fara dariya.

A ranar farko ma Baba ya tayar da wata rigimar. Da rana ta take, Baba ya aje leda ya naɗe hannu yana kallon ƙofa. Aka ce lafiya? Ya ce kunu yake jira. Shi a saninsa, duk wanda ake yi wa golmo shi ke kawo wa ma'aikata abin sha a gona, bai taɓa jin inda aka yi akasin haka ba. Mu kuwa da ɗan ƙullin garin kwaki muke zuwa daga gida, mu jiƙa da ruwan Alhaji. Aka gaya wa Alhaji, kunya ta kama shi, ya aika aka sayo wa Baba kunu da ƙosai. Baba ya duba kwanon, ya duba matan.

“Na mutum ɗaya ne wannan? A golmo ba a shayar da mutum ɗaya saura na kallo.”

Sai da aka sayo na kowa. Kashegari ma haka, don wa zai iya cewa tsoho yau babu? Ni da na yi shekaru a gidan ban taɓa shan kunun Alhaji ba, sai ga shi Kulu tana kawo mini nawa a 'yar roba, wai rabon mai kujera.

Ranar da aka kira 'yan fansho zuwa Birnin Kebbi don a tabbatar suna raye, na ce shi ke nan, kujera ta tafi. Ashe Baba ya riga ya shirya. Da safe sai ga wani tsohon kofur, abokinsa, mai gashin baki kamar tsintsiya, ya sara wa Alhaji ya ce shi aka turo canjin gadi. Daga nan tsofaffin sojan Rikoto suka mai da abin nasu, in Baba yana da uzuri wani ya zo. Amma yawanci shi ne da kansa, don ya ce ɗiyarsa ce, ba ta bataliya ba. Hannunsa ya faɗa har ya fara tsere da Kulu. Ya koya wa matan waƙoƙin noma na yarenmu, su kuma suka koya masa gulma. Labari ya cika gari. Masu shago suka fara cewa direba ya sauke musu ruwan soja, 'yan acaɓa suna tsayawa su leƙa ta taga. Alhaji kuwa ya shiga uku da tsokana. Kulu ta ce har bayan sallar Juma'a wani dattijo ya riƙe hannunsa ya tambaye shi ko gaskiya ne sa'an ubansa yake sa wa hular girki.

Ana cikin haka na haihu lafiya, ke Saratu, kika fito da ƙaton kai da ƙara kamar injin Alhaji. Matan gidan ruwa suka zo barka gaba ɗaya, suka cika tsakar gida da guɗa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na kalli 'yata, na kalli ƙafafuna da suka saɓe, na ce Allah na gode.

Amma akwai abin da ban gani ba sai da Mama ta buɗe mini ido. Ina wankan jego na ji ta tana yi wa Baba faɗa a bayan ɗaki, faɗan gaske, ba irin nasu na kullum ba. Wunin da yake yi a jiƙaƙƙen siminti, ga sanyin damina, ya shiga gwiwoyinsa. Sun kumbura, yana ɗaure su da tsumma a ƙarƙashin wando don kada a gani. Ga gonar dawarsa can a kan dutse, lokacin noma na biyu ya wuce ba a yi ba, ciyawa ta sha kanta. Na fito na durƙusa a gabansa ina kuka, na ce gobe zan koma aiki, ko kuma a bar kujerar ta tafi, na yafe.

“Ba ki gama wanka ba,” ya ce. “Kuma soja ba ya barin gadi sai an zo an karɓe shi. Tashi ki ba yarinya nono.”

Na ji haushinsa a ranar, na ji haushin kaina, na ji na Alhaji. Sai na gaya wa Kulu, ita kuma ba ta iya riƙe magana ba, Allah ya yi mata albarka. Ranar Lahadi bayan mun taso daga coci sai ga Alhaji da kansa a ƙofar gidanmu, Kulu na biye da shi da turmin atamfa da sabulu. Ya yi barka, ya sa wa jaririya albarka, sannan ya zauna a tabarma kusa da Baba. Baba bai samu damar rufe gwiwoyin ba, Mama tana shafa musu man kaɗanya. Alhaji ya daɗe yana kallonsu.

“Baba, don girman Allah ka zauna gida,” ya ce. “Kujerar Rifkatu tana nan har ta gama wanka ta huta. Ko babu kowa a kai, tata ce.”

Na buɗe baki zan yi godiya, Baba ya ɗaga mini hannu.

“Ta Rifkatu kawai?”

“Ai ita ce ta haihu.”

“Bana. Baɗi fa? Wadda ba ta da tsoho a gida fa, wa zai hau mata?”

Alhaji ya cire hula ya shafa kai. Ya ce kasuwa ba ta tafiya, inji kuma in ya tofo ruwa sai an kwashe, kujera ɗaya in ta zauna fayau aiki zai taru. Kulu ta ce wannan mai sauƙi ne, su matan za su raba rabon mai jego a tsakaninsu, ai kowace tana jiran ranarta. Ya ce to amma dokar nan fa har yanzu magana ce ake yi, ba a gama ta ba.

“Tana hanya,” in ji Baba. “Daga Abuja za ta taso, ka kuwa san hanyarmu. Mu fara, in ta iso ta tarar da mu muna yi.”

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya, ya ce shi dai bai taɓa ɗaukar ma'aikaci mai tsada irin Baba ba. Ya miƙa masa hannu biyu. A tabarmar nan aka gama magana, Mama da Kulu ne shaidu: duk wadda ta tafi haihuwa, kujerarta na jiranta. Albashin hutu kam ba mu samu ba a lokacin, ba zan ƙara gishiri ba. Amma kunu ya zauna.

Na koma aiki da ke a bayana, Saratu, matan suna karɓar ki hannu zuwa hannu. Dawar Baba kuwa abin da aka girbe bai kai rabin na kullum ba, shekarar sai da muka haɗa da rogo kafin mu ga sabuwa. Gwiwoyin ba su koma daidai ba. Bai sake hawa dutsen nan ya yi noma ba, mutumin da tun yana saurayi fartanya ba ta bar kafaɗarsa ba sai da ya ɗauki bindiga. Ya kan zauna a ƙofar gida da safe yana kallon masu tafiya gona, ya tambaye su ina ruwa ya kai. In na gan shi haka sai in shige ɗaki, don ba ya son a yi masa kuka.

Da bazara ta kewayo, wata yarinya a cikinmu, Hadiza, marainiya ce da mijinta ke tura baro a kasuwa, ta miƙe tsaye ana tsakiyar aiki lokacin da Alhaji ya shigo zagaye. Ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji.

“Alhaji, ina da ciki.”

Duk muka tsaya da leda a hannu. Ba a taɓa furta wannan kalma a ɗakin nan ba.

“To, Allah ya raba lafiya,” ya ce. “In lokaci ya yi ki tafi abinki. Amma don Allah don Annabi, kada ki turo mini kowa.”

Muka kwashe da shewa har inji ya tara ruwa a ƙasa. Hadiza ta zauna tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Da aka tashi ban tsaya hira ba, kusan da gudu na iso gida. Na tarar da Baba a tabarma ya miƙe ƙafafu, na ba shi labari tun daga farko, har da kwaikwayon muryar Alhaji. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mama tana bubbuga masa baya tana cewa Allah ya ƙara. Da ya lafa ya tambaye ni ko yarinyar tana da wani babba a gida. Na ce ba ta da kowa, Baba.

Ya dubi ƙafafunsa. Sannan ya ɗora tafukansa a kan gwiwoyin nan biyu, ya ɗan bubbuga su.

“To,” ya ce, “ba su tafi a banza ba.”